Gaskiya ko Jita-jita: Sai Mai Kati Ke Da Ikon Ba Da Labari?

A majalisun hira na Ƙofa, kamar na Kusada da Kankiya, da zarar matashi ya ɗauki hoton rijiyar burtsatse da ta lalace ya sa a Facebook, sai ka ji wani ya ce, "Kai ɗan jarida ne? Ina katinka?"

Wannan jita-jita ce. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin faɗin ra'ayinsa da karɓar bayani da yaɗa shi, bai kuma gindaya katin ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ ba. Izinin gwamnati sai ga mai son buɗe gidan rediyo ko talabijin.

Haka zancen cewa talaka ba shi da hurumin tambayar yadda aka kashe kuɗin kwangila. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ce ka rubuta takarda, hukuma ta amsa cikin kwana 7, kuma ba sai ka faɗi dalilinka ba. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar ta Abuja ce, har Kotun Ƙoli ta yanke a Afrilun 2025 cewa ta hau kansu.

Inda samari suka fi ruɗuwa shi ne cewa wai an soke dokar laifukan intanet. Ba a soke ta ba. Bayan kotun ECOWAS ta soki sashe na 24 na dokar ta 2015, an yi mata gyara a Fabrairun 2024. An cire hukunta mutum don kawai ya ɓata wa wani rai, amma yaɗa ƙarya da gangan don tada fitina har yanzu na iya jawo ɗaurin shekara 3. Ɓata suna ma laifi ne a dokokin jihohin Arewa. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta sa an yi wa 'yan TikTok biyu bulala 20 kowannensu kan ɓata sunan Gwamna Ganduje. Kuma "turo mini aka yi" ba hujja ba ce da za ka dogara da ita gaban alƙali.

In an kama ka, sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ka damar yin shiru har ka ga lauya, a kuma kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai ta a tazarar kilomita 40.

Don haka, ɗan'uwa, ɗauki hotonka, amma ka tabbatar da wuri da rana kafin ka wallafa.