Tsaron unguwa: wa ke faɗin abin da za a fara magancewa?

Tsarin 'yan sandan al'umma na nufin mazauna unguwa su zauna da DPO ɗin yankinsu, su faɗa masa laifin da ya fi addabarsu, shi kuma ya sa shi a gaba. Dokar 'Yan Sandan Najeriya ta 2020 ta tanadi kwamitocin da za su yi wannan aiki, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 13.3 don soma shirin.

Abin da hedikwatar 'yan sanda ke ƙirgawa ba lallai ne shi ke hana talaka barci ba. A Kano, tambayi mai shayi ko ɗalibar da ke dawowa daga Islamiyya bayan magariba: ƙwacen waya za su fara ambata, sai faɗan daba, sai kangon da matasa suka mayar matattarar shaye-shaye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Matsalar ita ce amana. Wanda ya kai rahoto, washegari ya ji sunansa a bakin ɓarayin, ba zai ƙara taka ofishin 'yan sanda ba. Masu unguwanni da limamai su dage a riƙa yin zaman nan, a kuma rufa asirin mai kawo labari.