In'inar Sauti a Kwamfutar Gida: Musabbabinta da Maganinta

Gabatarwa

Kwamfuta ta daɗe da fita daga ofisoshin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, ta shiga gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai na birnin Kano. Da yawa daga cikin waɗanda ake amfani da su a gidajen tsofaffi ne, watau waɗanda aka gama mora a Turai ko Amurka, sa'an nan aka shigo da su aka sayar. Da irinsu ake sauraron karatun Alƙur'ani da tafsiri, da su ɗalibi yake bitar laccar da aka naɗa, da su ne kuma matasa suke haɗa sautin waƙoƙin biki da na talla domin neman abin sakawa a bakin salati. Daga cikin larurorin da suka fi damun masu waɗannan na'urori akwai tsinkewar sauti. Ana cikin sauraro sai murya ta ɗauke ta dawo, ko ta riƙa nanata gaɓa ɗaya kamar mai in'ina, ko kuwa a riƙa jin ƙas-ƙas a tsakiyar magana.

Abin da aka saba yi shi ne a ɗora wa lasifika laifi, a je a sayo wata. In ba a dace ba a sayo ta uku, daga bisani a yanke wa kwamfutar ƙauna, a sayar da ita a wulaƙance. Wannan shi ne abin da Bahaushe yake kira barin jaki ana dukan taiki. Manufar wannan bayani ita ce a nuna cewa tsinkewar sauti, a mafi yawan lokuta, larura ce ta makara: kwamfutar ce take kasa kai kayan aiki ga sashen sauti a kan kari. Wanda ya fahimci haka ya san inda zai dosa.

Yadda Kwamfuta Take Riƙe Sauti

Sauti motsi ne na iska, wanda yake tafiya ba yankewa. Ita kuwa kwamfuta ba ta san komai ba sai lambobi. Saboda haka idan za a naɗi murya, sai na'ura ta riƙa auna ƙarfin motsin nan a kai a kai, tana rubuta kowane awo da lamba. Masana biyu na ƙasar Amurka, Harry Nyquist a shekarar 1928 da Claude Shannon a shekarar 1949, su ne aka fi danganta wa ƙa'idar da ta nuna cewa in dai yawan awon ya haura ninki biyu na saurin kaɗawar sautin, to, ana iya maido da sautin yadda yake. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin kaɗawa daga 20 zuwa wajen 20,000 a cikin sakan ɗaya. Wannan yana cikin dalilan da suka sa kamfanonin Sony da Philips suka tsayar da awo 44,100 a kowane sakan ga faifan CD, wanda ya shiga kasuwa a shekarar 1982. Sautin da ke tafiya da hoton bidiyo kuwa, galibi awo 48,000 ake yi masa.

Idan za a saurari abin da aka naɗa, sai a juya aikin. Akwai wani ɗan guntun sashe a cikin kwamfuta wanda aikinsa ke nan ya karɓi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da su wutar da za ta kaɗa lasifika. Wannan sashe ba ya jira, ba ya kuma karɓar uzuri. Hoton bidiyo yana iya tsayawa na ɗan ƙiftawa ido bai lura ba, amma kunne ba a yi masa haka, domin ko giɓin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba yakan ji shi kamar an karya tsinke.

Rumbun Jira

Duk wanda ya taɓa leƙa masana'antar roba a Sharaɗa ya ga injin da ke narka ƙwayoyin roba yana fitar da bokiti ko buta. A saman injin akwai mazurari babba da ake cikawa da ƙwayoyin. Injin yana ja daga ƙasa ba tsayawa, lebura kuma yana zubawa daga sama buhu-buhu. Muddin lebura ya dawo kafin mazurarin ya ƙare, aiki ba zai tsaya ba, ko da ya ɗan tsaya shan ruwa. Amma in aka aike shi wani wuri ya daɗe, sai injin ya ja wayam, kayan da ke fitowa su fito da naƙasa.

Haka lamarin yake a cikin kwamfuta. Ƙwaƙwalwarta, wadda masu gyara suke kira furosesa, ita ce leburan, sa'an nan akwai ɗan wurin ajiya da ke tsakaninta da sashen sauti, wanda za a iya kira rumbun jira. A tsarin Windows rumbun nan a bisa al'ada yakan ɗauki sautin kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, watau awo 441 ko 480. Ma'ana, wajibi ne ƙwaƙwalwar ta waiwayo ta cika shi sau 100 a kowane sakan, sau 360,000 ke nan a cikin karatun sa'a guda. In ta makara sau ɗaya tak, sai a ji ƙas. In makarar ta yi tsawo, sai sashen sauti ya yi shiru, ko ya riƙa maimaita ɗan abin da ya rage masa, wanda shi ne in'inar da ake ji. Tambayar da ta rage ita ce, mene ne yake tsare leburan?

Zafi da Ƙura

A ƙasar Kano wannan shi ne abin da ya kamata a fara tuhuma. Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana fitar da zafi, kuma an yi ta da dabarar kare kanta: in zafinta ya doshi digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos, sai ta rage saurin aikinta da kanta don kada ta ƙone. Abin da ke sanyaya ta shi ne 'yar fanka da ke hura iska ta cikin wasu siraran haƙarƙarin ƙarfe. To, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana kawo ƙura mai laushi kamar gari, ga kuma wadda manyan motocin masana'antu suke tayarwa a titunan Sharaɗa rani da damina. Ƙurar nan takan taru a haƙarƙarin har ta zama kamar auduga, ta toshe hanyar iska. Sa'an nan bazara ta biyo baya, lokacin da zafin gari yakan kai digiri 40 a watan Afrilu.

Alamar wannan larura a bayyane take. Sauti yakan fara lafiya ƙalau da safe ko a farkon kunnawa, sai bayan an jima ya soma tsinkewa, fanka tana ta gurnani, gindin kwamfutar kuma ya yi zafi. Maganinta shi ne a daina ɗora kwamfuta a kan katifa ko darduma, a ɗaga bayanta iska ta ratsa, sa'an nan a kai ta wurin mai gyara, irin waɗanda ke Titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, ya buɗe ta ya kakkaɓe ƙurar, ya kuma sabunta man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen da ke janye zafi. Ƙarshen hunturu shi ne lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki.

Wutar Lantarki

Tun daga watan Nuwamba na shekarar 2013 kamfanin KEDCO ne yake rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, gidaje da yawa kuma suna haɗawa da janareta ko wutar sola. Kwamfutar tafi-da-gidanka an tsara ta ne ta tsimi batir, saboda haka da zarar wuta ta ɗauke sai ta rage saurin ƙwaƙwalwarta. Wasu kuma sukan yi haka in aka sa musu cajar da ba tasu ba, ko wadda ƙarfinta bai kai ba. Wanda ya lura sautinsa yana tsinkewa a kan batir amma yana daidaita in an jona wuta, sai ya shiga wurin saita amfani da wuta ya zaɓi cikakken ƙarfi.

Ya kamata a bambanta wannan da wani abu dabam. Wutar Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a sakan, kuma in caja ba ta da kyau, ko wayar lasifika ta kwanta a kan wayar wuta, akan ji wani ruri mai kauri a ƙarƙashin murya, wanda ba ya yankewa. Wannan ba makara ba ce, kutse ne na wuta, kuma in aka zare caja ya ɓace, to, an gano mai laifi.

Cunkoson Aiki da Direbobi

Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba sauti kaɗai take yi wa hidima ba. Shafukan intanet masu yawa a buɗe, da manhajar da ke sabunta kanta a ɓoye, da mai farautar ƙwayar cuta, da ita kanta ƙwayar cutar da akan kwaso daga filash ɗin da ya zaga shagunan tura waƙoƙi, duk suna neman rabonsu. A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare yana buɗe jadawalin da ke nuna wace manhaja ce ta fi cin ƙarfi. In aka ga ƙwaƙwalwa ko faifan ajiya sun tsaya a kashi 100 cikin 100, to, ga inda leburan ya maƙale.

Har wa yau akwai ƙananan manhajoji da ake kira direbobi, waɗanda suke tafinta tsakanin Windows da kowane sashe na na'urar. Direba yana da ikon tsayar da ƙwaƙwalwa har ya gama buƙatarsa, kuma wanda aka rubuta da sakaci, ko aka ɗora shi a kan na'urar da ba tasa ba, yakan riƙe ta fiye da kima. Abin mamaki shi ne, sau da yawa ba direban sauti ba ne mai laifin, na Wi-Fi ne ko na hoto. Manhajar LatencyMon tana auna wannan jinkiri, ta kuma faɗi sunan direban da ya fi tsare hanya. Maganin shi ne a ɗauko direban da ya dace daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar.

Bugu da ƙari, lasifikar Bluetooth da Wi-Fi suna iya haɗuwa a zango ɗaya na iska, watau gigahaz 2.4, su riƙa tare wa juna hanya. Sautin da ake saurara kai tsaye daga intanet kuwa yana da nasa rumbun jiran, wanda yakan ƙare in layin sadarwa ya yi rauni.

Tsarin Bincike

Babban kuskure shi ne a canza abubuwa biyar a lokaci guda, domin ko an dace ba za a san wanne ne ya yi magani ba. Da farko a saurari sautin da ke ajiye a cikin kwamfutar: in bai tsinke ba, laifin na intanet ne. In fayil ɗaya ne kawai yake tsinkewa, kuma a wuri ɗaya kullum, to, a wajen naɗi ko kwafi ya lalace. Na biyu, a cire lasifika a sa iyafis mai waya: in sauti ya daidaita, sai a duba lasifikar da wayarta, ko Bluetooth. Na uku, a gwada da caja, a gwada babu ita. Na huɗu, a kashe Wi-Fi, a rufe sauran manhajoji. Na biyar, a lura ko larurar tana ƙaruwa da ɗumin na'urar. Mai haɗa sauti kuma yana da wata dama, ita ce ya ƙara girman rumbun jira a cikin manhajarsa, alal misali daga awo 256 zuwa 1,024, ko da yake hakan yana sa muryar mai rerawa ta ɗan makara kafin ta dawo masa a kunne.

Kammalawa

A taƙaice, lasifika ba ta faɗin abin da ba a ba ta ba. Idan sauti ya tsinke, abin tambaya shi ne me ya hana ƙwaƙwalwar kwamfuta cika rumbunta a kan kari, kuma a wuri irin Sharaɗa amsar ta fi karkata ga ƙura da zafi da wuta kafin a kai ga manhaja. Dukkan gwaje-gwajen da aka ambata ba su cin ko sisin kwabo, sai haƙuri da bin abu daki-daki. Tsohuwar kwamfutar da aka kakkaɓe, aka ba ta cajar da ta dace, aka kuma rage mata kaya, tana iya ci gaba da hidimar ɗalibi da mai sana'a shekaru masu dama.