Magani Ɗaya, Cuta Biyu: Yadda Maganin Sankara Ke Warkar da Ciwon Fata

Gabatarwa

Majinyata biyu za su iya fitowa daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ɗaya mai fama da sankarar jini, ɗaya kuma mai ciwon fata, amma a iske an rubuta musu magani iri ɗaya. Wannan ba kuskuren likita ba ne. Dalilin yana cikin ƙwayar halitta, kuma saninsa shi ne zai fahimtar da ɗalibi amfanin irin waɗannan magunguna da kuma haɗarinsu.

Rabuwar Ƙwayar Halitta

Jikin ɗan Adam gini ne na ƙwayoyin halitta, waɗanda ke yawaita ta hanyar rabuwa gida biyu. Kafin kowace ta rabu, sai ta kwafi kundin gadon da ke cikinta, aikin da ba ya yiwuwa sai da sinadarin folik asid. Sankara tana faruwa ne idan wasu ƙwayoyin suka ci gaba da rabuwa ba tsayawa. A cutar fatar nan da ake kira soriyasis kuwa, garkuwar jiki ce ke ingiza ƙwayoyin fata, sai su yi a 'yan kwanaki tafiyar da suka saba yi a kimanin wata guda, su taru su zama ɓawo mai kauri mai ƙaiƙayi. Soriyasis ba sankara ba ce, amma gaggawar rabuwa ta haɗa su.

Tarihin Maganin

A shekarar 1948, likita Sidney Farber na birnin Boston a Amurka ya bayyana cewa wani sinadari mai toshe aikin folik asid ya kwantar da sankarar jini a jikin yara na ɗan lokaci. Daga dangin wannan sinadari aka sami metotireset. A 1956 Min Chiu Li ya warkar da sankarar mabiyiya da shi, wato wadda ke tasowa bayan juna biyu. Afirka ma ta ba da gudummawa a wannan fage: Victor Ngu, wanda ya yi aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda suka sami lambar yabo ta Lasker a 1972, saboda aikinsa kan sankarar Burkitt mai kumbura muƙamuƙin yara. Tun farkon shekarun 1950 kuma aka lura cewa wannan dangin magani yana lafar da soriyasis.

Illolinsa

Maganin ba ya bambance ƙwayar cuta da lafiyayya. Duk mai saurin rabuwa yake taɓawa. A lafiyayyen jiki, masu saurin rabuwa su ne na ɓargo, da na cikin baki da hanji, da na saiwar gashi. Saboda haka ne ake samun miki a baki, da tashin zuciya, da zawo, da zubar gashi. Mafi haɗari shi ne raguwar fararen ƙwayoyin jini, domin a lokacin ƙaramin zazzaɓi na iya zama sanadin ajali. Daɗewa ana sha kuma yana iya taɓa hanta, shi ya sa ake auna jini a kai a kai. Ga mai juna biyu kuwa haramtacce ne, domin yana jawo ɓari ko nakasar jariri.

Ƙa'idoji Uku

Ta farko, mai ciwon fata sau ɗaya a mako yake shan metotireset, yawanci miligiram 7.5 zuwa 25. Akwai waɗanda suka rasa rayukansu a ƙasashe daban-daban saboda sun sha shi kullum kamar farasitamol. Ta biyu, ba a haɗa shi da Septrin, wanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, domin shi ma yana toshe hanyar folik asid, sai ɓargo ya durƙushe. Ta uku, ta ƙoda maganin ke fita daga jiki. A bazarar Sakkwato, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ƙarancin ruwa a jiki na iya sa ya taru a jini. Don haka majinyacin da ke son yin azumi ya fara shawartar likitansa.

Zabiya da Rana

Akwai wani maganin mai irin wannan aiki, fuluroyurasil, wanda Charles Heidelberger da abokan aikinsa suka haɗa a 1957. Ana ba da shi ta jijiya ga sankarar hanji da ta mama, ana kuma yin man shafawa da shi. Man yana da muhimmanci ga zabiya, wanda fatarsa ba ta da isasshen launin da ke kare ta daga rana. Tabon nan mai kaushi da ke fito masa a kunne, ko wuya, ko bayan hannu, na iya rikiɗa ya zama sankara. Idan aka shafa man tsawon mako 2 zuwa 4, wurin zai yi ja, ya yi raɗaɗi, ya saɓule, sannan sabuwar fata ta fito. Wasu kan tsorata su daina a tsakiya, alhali jan alama ce ta cewa maganin yana aiki. Sai dai idan sankarar ta riga ta yi zurfi, man ba zai kai gare ta ba. Sai tiyata ko gashi da haske.

Kammalawa

Malamin da ke da ɗalibi zabiya zai yi masa babban taimako idan ya ɗauke masa tsayuwa a rana, ya bar shi ya sa malafa da riga mai dogon hannu. Duk mikin da ya wuce wata guda bai warke ba, asibiti ya kamata a kai shi. Wanda kuma aka ba shi metotireset, ya rubuta ranar shansa a jikin kwalin, kada kuma ya sammo wa wani don ya ga ciwonsu ya yi kama.