Cinikin Biri A Sama: Yadda Ake Kintatar Farashin Motar Da Ba Ta Fito Ba

IKKO — A duk lokacin da wani kamfanin ƙera motoci ya ba da sanarwar cewa yana shirin fito da sabuwar mota, akan ɗauki watanni, wani lokaci ma shekaru, kafin motar ta iso hannun mai saye. A tsakanin nan ne dillalai da 'yan kasuwa masu shigo da motoci, da kuma kamfanonin da ke sayen motocin aiki da yawa a lokaci guda, sukan duƙufa wajen kintace: nawa za ta kama, gida nawa za a kasa ta, kuma waɗanne kayayyaki za a sanya wa kowane aji. Wannan kintace ya wuce hirar bakin tasha, domin a kansa ne wasu ke ba da kuɗin kafin alƙalami, wasu su ci bashin banki, wasu kuma su karya farashin motocin da ke hannunsu don gudun kada su yi kwantai.

Abin da tarihin cinikin motoci ya nuna shi ne, farashin da kamfani ya fara ambatawa da wuya ya zama shi ne wanda yawancin masu saye za su biya. Galibi farashin ajin ƙasa ne, watau motar da aka rage wa kaya, kuma sau da yawa ita ce takan zo daga ƙarshe.

Dalilin kasa mota aji-aji

Kamfanin Ford na Amurka ya yi suna da ƙirar Model T, wadda ya fara sayarwa a 1908 a kan dala 850, ya yi ta rage kuɗinta har ta sauko dala 260 a 1925. Mota iri ɗaya ce ga kowa, kuma shekaru da dama baƙin fenti kaɗai ake yi mata. Abokin hamayyarsa General Motors, ƙarƙashin jagorancin Alfred Sloan, shi ya ɗauki wata hanya dabam a shekarun 1920: ya jera motocinsa kamar matakala, daga Chevrolet ta mai ƙaramin ƙarfi har zuwa Cadillac ta attajiri. Wannan dabara ce daga baya aka shigar da ita cikin ƙira guda. Masu karatu za su tuna da bambancin Peugeot 504 GR da SR da ake harhaɗawa a Kaduna, ko kuma na Toyota Camry LE da XLE. Gangar jiki ɗaya ce, amma kaya da kuɗi sun bambanta.

Hikimar abin a fili take. Akwai mai iya biyan kuɗi kaɗan, akwai kuma wanda ba ya jin komai idan an tsawwala. In kamfani ya tsayar da farashi ɗaya, ko dai ya kori na farko, ko kuwa ya yi wa na biyu rangwamen da bai nema ba. Saboda haka sai ya yi ajin ƙasa domin talla, ajin tsakiya domin yawancin jama'a, ajin sama kuma domin riba mai kauri, tun da abin da kujerun fata da manyan fitilu ke ci wa masana'anta bai kai abin da ake ɗora wa mai saye a kansu ba.

Amma me ya sa ba a barin mutum ya tsinci kayan ƙarin da yake so ɗaya bayan ɗaya, sai dai a ɗaure su ƙunshi guda? Lissafi ne ya kawo haka. Kayan ƙari goma da za a iya sanyawa ko a bari suna haifar da mota iri 1,024; idan suka kai ashirin, nau'o'in sun haura miliyan ɗaya. Babu masana'antar da za ta so wannan wahala, balle wadda ke ƙera mota ta loda a jirgin ruwa tun kafin ta san wanda zai saya. Bugu da ƙari, ƙunshi hanya ce ta sayar wa mutum abin da bai tambaya ba. Yana son na'urar sanyaya ɗaki, sai a ce masa ba ta zuwa sai tare da rufi mai buɗewa da manyan ƙafafu.

Darasi daga Amurka

Babu misalin da ya fi na motar lantarki ta Tesla Model 3 fito da wannan al'amari. A ranar 31 ga Maris, 2016 kamfanin ya nuna ta ga duniya, ya ce za a sayar da ita dala 35,000, kuma mai so ya ajiye dala 1,000. Cikin mako guda mutane kimanin 325,000 suka ajiye kuɗinsu. Da aka fara miƙa motocin a watan Yuli na 2017, sai ga shi wadda ake ƙerawa ita ce mai babban batir, wanda ya ƙara dala 9,000, tare da ƙunshin kayan alatu na dala 5,000. Ke nan mafi arha da za a iya samu a lokacin ta kama dala 49,000. Duk wani launi in ba baƙi ba sai an ƙara dala 1,000, wanda kuwa ya ɗauki dukkan kayan ƙari, har da na'urorin taimaka wa direba, lissafinsa ya tasam ma dala 60,000. Motar dala 35,000 ba ta fito ba sai ƙarshen Fabrairun 2019, kusan shekara uku bayan alkawari, kuma ba a yi wata biyu ba aka cire ta daga shafin cinikin kamfanin na intanet.

Haka aka sake gani game da motar a-kori-kura ta wannan kamfani mai suna Cybertruck. A Nuwamban 2019 an ambaci farashi uku: dala 39,900, da 49,900, da 69,900. Da aka fara miƙa ta a ranar 30 ga Nuwamba, 2023, ta tsakiya ta koma dala 79,990, ta sama kuma 99,990. Za a iya cewa hauhawar farashi ce ta jawo, to amma a cikin waɗannan shekaru huɗu farashin kayayyaki a Amurka ya tashi ne da kusan kashi 20 cikin 100, alhali kuwa kuɗin ajin tsakiya ya tashi da kashi 60 cikin 100. Ragowar ta fito ne daga wahalar ƙira da ba a hango ba, da kuma sanin da kamfani ya yi cewa masu ɗokin karɓar ta farko ba sa taya ciniki.

Wani lokaci kuma ba dabarar kamfani ba ce, tsadar kayan aiki ce ke tilasta shi. Ford ya sanar da a-kori-kurarsa ta lantarki F-150 Lightning a watan Mayu na 2021 a kan dala 39,974. Ya zuwa Maris na 2023 ajin ƙasa ya kai dala 59,974, bayan da farashin ma'adinan da ake yin batir da su ya yi tashin gwauron zabo a 2022. Da kasuwa ta yi sanyi, a watan Yuli na 2023 aka sauko da shi zuwa dala 49,995. Wanda ya saya a watan Afrilu ya wayi gari darajar motarsa ta ragu da kusan dala dubu goma ba tare da ya ƙwarzane ta ba.

Idan kamfani ya cika alkawari fa?

Kamfanin Tata na Indiya ya cika nasa. A Janairun 2008 shugabansa Ratan Tata ya nuna ƙaramar mota mai suna Nano a birnin Delhi, da alkawarin sayar da ita rupi 100,000, kimanin dala 2,500 a canjin wancan lokaci. Da ta fito a 2009 an tsaya a kan wannan adadi ga rukunin farko na masu saye, sai dai farashin bakin masana'anta ne, ba a haɗa da haraji da kuɗin dako ba. Ajin ƙasa ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, gilashinsa kuma da hannu ake murɗawa.

Abin lura shi ne yadda masu saye suka yi. Daga cikin mutane sama da 200,000 da suka rubuta suna, kashi 20 cikin 100 kaɗai suka zaɓi ajin ƙasa, rabi kuwa ajin sama suka nema. Ashe ko a kan motar da aka yi shela da arharta, jama'a sama suke hawa. Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma laƙabin mota mafi arha a duniya ya zame wa Nano ƙarfen ƙafa, har aka daina ƙera ta a 2018. Ɗan kasuwar da ya cika rumfarsa da ajin ƙasa don shi aka fi talla, yana iya tarar da cewa ba shi abokan cinikinsa ke nema ba.

Hanyar kintace mai ma'ana

Mai son ya kusanci gaskiya sai ya fara da ƙirar da ake shirin maye gurbinta. Kamfanoni ba su cika rushe matakalarsu ba: in tsohuwar tana da aji huɗu, mai yiwuwa sabuwar ma haka, kuma tazarar kuɗi tsakanin aji da aji takan kasance kusa da ta da. Daga nan sai ya duba abokan gogayya, domin ba a yanka wa mota farashi a daji. Ana kallon abin da makwabciyarta ke kamawa. Sai ya lura da abin da ya sauko daga sama, tun da kayan da jiya na ajin attajirai ne, kamar kyamarar ja da baya, yau sun zama na kowa, kuma kuɗinsu ya narke cikin farashin ajin ƙasa.

Muhimmin abu kuma shi ne tsawon jira. Alkawarin da za a cika bayan wata uku ya fi na shekara uku amana. Haka nan ya kamata a tambaya wane aji za a fara ƙerawa, kuma ko kuɗin ajiyar ana mayarwa, sa'an nan ko ya ɗaure farashi ko kuwa layi kawai ya kama wa mutum. A yawancin lokuta layi kawai yake kamawa.

Nauyin da ke kan ɗan kasuwar Nijeriya

Duk wannan lissafi rabin aiki ne ga mai shigo da mota ta tashar Apapa ko Tin Can. Na farko, farashin da aka ambata a wata ƙasa na kasuwar can ne. Tun daga 1972 a hannun dama ake tuƙi a Nijeriya, saboda haka motar da aka ƙera domin Japan, Indiya, Ingila ko Afirka ta Kudu, mai sitiyari a dama, ba ita za a kawo nan ba, kuma sunayen aji da kayan da ke cikinsu sukan sauya daga wannan yanki zuwa wancan.

Na biyu, kuɗin fito ana lissafa shi ne a kan darajar mota haɗe da inshora da kuɗin jirgi. Ma'ana, kowane ƙunshin ƙari da aka ɗora, sai an biya masa nasa haraji, kana a ɗora harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 a Fabrairun 2020. Ita kanta dokar takan juya. Manufar bunƙasa ƙera motoci ta 2013 ta sanya kuɗin fito kashi 35 cikin 100 da ƙarin haraji na wani kashi 35 a kan motocin da aka shigo da su a harhaɗe, sai Dokar Kuɗi ta 2020 ta rage wannan ƙarin zuwa kashi 5.

Na uku, wanda ya fi duka, canjin kuɗi. A farkon watan Yuni na 2023 dala tana kan kimanin naira 460 a kasuwar hukuma. A Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Motar dala 20,000 da aka ƙiyasta a kan naira miliyan 9.2 ta koma naira miliyan 30 cikin wata takwas, tun kafin jami'an kwastan su ɗora alƙalami, alhali masana'anta ba ta ƙara ko sisi ba. Wanda ya karɓi kuɗin abokin ciniki da naira a kan motar da zai biya da dala bayan wata shida, ya ɗauki kasadar da ba tasa ba.

Akwai kuma batun abin da zai yi amfani a nan. Kujera mai ɗumama jiki ba ta da aiki a Maiduguri, manyan ƙafafu masu siraran tayoyi kuwa ba sa shiri da ramukan hanyoyinmu, ga tsada wajen sauyawa. Abin da mai saye na biyu zai biya kuɗi a kai shi ne sanyi mai ƙarfi, da tsayin mota daga ƙasa, da injin da makanikin unguwa ya san kansa, da kayan gyaran da za a samu a Ladipo ko Ƙofar Ruwa.

Saboda haka masu hada-hadar motoci za su fi samun kwanciyar hankali idan suka gina lissafinsu a kan ajin tsakiya, suka ware wani kaso domin sauyin canji da na haraji, kuma suka rubuta a yarjejeniya cewa farashin ƙarshe shi ne na ranar da mota ta fito daga tasha. Kamfanonin da ke sayen motocin aiki kuwa babu abin da zai cuce su idan suka bari rukunin farko ya wuce, domin a lokacin ne jerin farashi na ainihi ya bayyana, kurakuran ƙira sun fito fili, dillalai kuma sun fara sassautawa. Gani ya kori ji.