Yakubu Nabame, Ɗan Karari da Ya Zauna a Hannun Sakkwato

A shekarar 1831 rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ta Gwandu suka yi wa Argungu ƙawanya. Shekara 26 ke nan da faɗuwar Birnin Kebbi a hannun Abdullahi ɗan Fodiyo, amma Kabawa ba su rataye kwari da baka ba. Tun kafin nan an kashe Sarkin Kabi Muhammadu Hodi, Sama'ila Karari ya karɓi ragama. Da garin ya gagara riƙewa sai Karari ya fita ya nufi yamma, mahaya na bin sawunsa.

Masu ba da tarihin Kabi sun ce da ya ga babu sauran mafita, sai ya umarci ɗansa Yakubu ya tsere, don kada gidan sarautar Kabi ya mutu. Shi kuwa ya sauka daga doki, ya shimfiɗa garkuwarsa a ƙasa, ya zauna a kanta da carbi a hannu. A nan suka cim masa, suka kashe shi.

Yakubu bai daɗe yana ɓuya ba ya faɗa hannun waɗanda suka kashe ubansa. Suka bar shi da ransa. Ya zauna Gwandu, daga baya aka kai shi Sakkwato, inda Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya riƙe shi riƙon mutunci. Ya ci tuwon gidan, ya hau dokinsu, ya fita yaƙi a ƙarƙashin tutarsu. Ana ma cewa ya ceci ran ɗan Sarkin Musulmi a wani yaƙi da Gobirawa, kuma wannan ne ya sa aka yarda ya koma ƙasarsu.

Komawar nan ita ta saka shi tsaka mai wuya. Ga amanar mutumin da ya ɗauke shi kamar ɗa, ga jinin uba, ga Kabawa sun zuba masa ido bayan shekara 18 a ƙarƙashin mulkin wasu. Duk wanda ya ɗauka, sai ya ci amanar ɗayan. Mutanen Indiya suna da irin wannan gwarzo a littafinsu na Mahabharata, wato Karna, wanda ya gano cewa abokan gabarsa 'yan'uwansa ne uwa ɗaya, amma ya ƙi rabuwa da Duryodhana da ya ɗaga darajarsa, har kibiyar ƙanensa Arjuna ta kashe shi. Karna ya tsaya wa wanda ya yi masa alheri. Yakubu ya bi jini.

A 1849 ya yi tawaye, aka naɗa shi Sarkin Kabi a Argungu, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya. Ni dai ba zan iya kiransa butulu ba, domin tun ranar da ubansa ya kore shi daga bakin mutuwa aka ɗora masa wannan kaya, kuma bai roƙa ba. Haka kuma ba na ganin Aliyu Babba ya yi wauta da ya yarda da shi.

Shekara biyar kawai ya yi yana sarauta, kusan duk a kan sirdi. A 1854 kibiya ta same shi a fagen fama, ya rasu. Sakkwato da Gwandu ba su sake cin Argungu ba. Ɗan Yakubu, Sama'ila, ya hau gadon sarautar a 1883, kuma shi Turawan Ingila suka tarar yana mulki.