Manhajar da Ba a Gidanta Aka Haife Ta Ba

Duk wanda ya taɓa shiga masana'antun roba na Sharaɗa ko majemun fata na Challawa zai ga wani ɗan akwati mai allo da maɓallai maƙale a jikin injinan zamani. Akwatin nan shi ke umartar inji ya narkar da roba zuwa zafi kaza, ya matse ta daƙiƙa kaza, sannan ya buɗe ya saki bokiti. Akwai manhaja a cikinsa, amma ba a nan aka rubuta ta ba.

Dalili kuwa shi ne, na'ura mai ƙwaƙwalwa ba ta jin komai sai jerin 0 da 1, kuma kowane dangin ƙwaƙwalwa da nasa harshen. Abin da ƙirar Intel ke ganewa, ƙirar ARM da ke cikin yawancin wayoyinmu ba ta san shi ba. Saboda haka mutum kan rubuta umarninsa da harshe irin su C, sai wata manhaja, wadda za mu kira tafinta, ta mayar da shi lambobi. A bisa al'ada tafinta kan yi fassara ne domin na'urar da yake zaune a kanta. To, ina ga na'urar da ta yi ƙanƙantar da ba za ta iya ɗaukar tafinta ba? Allon Arduino Uno da ɗalibai ke gwaji da shi, alal misali, ma'ajiyar aikinsa kilobayit 2 ce kacal. Ko wannan maƙala ba za ta shiga ba. Dole a ɗora tafintan a kan babbar kwamfuta, a gaya masa wanda zai yi wa fassara, sannan a tura sakamakon ta waya.

Ko da ƙwaƙwalwar iri ɗaya ce, da sauran rina a kaba idan babbar manhajar da ke gudanar da na'urar ta bambanta. Windows da Linux kowace da yadda take so a shirya mata fayil, da yadda ake neman izininta kafin a rubuta harafi a allo, kamar dai yadda koke ɗaya ke canza siga tsakanin fada da kotu. Tilas a haɗa wa tafinta da kayan aikin gidan da manhajar za ta je.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1969, lokacin da Ken Thompson ya fara gina Unix a Bell Labs ta Amurka, a kan na'urar GE 635 yake shirya aikinsa, ya fitar da shi a zaren takarda mai huji, ya ɗauka ya kai wa ƙaramar PDP-7. Tafintan GCC kuma, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987, kyauta ne har yau, kuma shi ke yi wa allon Arduino Uno fassara.

Sai dai a kiyayi tarko guda. Manhaja kan yi aiki lafiya a inda aka rubuta ta, ta je can ta ba da kunya. A allon Arduino Uno, gurbin ƙidaya na yau da kullum ba ya wuce 32,767, alhali a kwamfuta ya haura biliyan 2. Ɗalibin da ya rubuta manhajar ƙirga bokitai bai lura da wannan ba, zai wayi gari ƙidayarsa ta koma ƙasa da sifiri.

Abin da ya fi damun mai wannan rubutu shi ne, fassara ba ta komawa baya cikin sauƙi. Idan masana'anta a Bompai ta sayo inji daga ƙetare ba tare da asalin rubutun manhajarsa da tafintansa ba, ranar da akwatin ya ƙone, ko aka daina ƙera irinsa, injiniyanta ba shi da abin da zai sake fassarawa domin sabon akwati. Ƙarfen yana nan lafiya lau, ma'aikata kuwa suna zaune a bakin ƙofa suna jiran a zo daga waje.