Daga Kano Zuwa Jidda: Awa Nawa Ne a Jirgin Sama?

Duk shekara idan aikin Hajji ya matso, maniyyata sukan yi wannan tambaya. Wani alhaji ya ce awa biyar ne. Wani ya rantse awa bakwai ya yi, don ya duba agogo. Wani kuma ya ce a dawowa awa uku kacal ya yi. To, wa ke da gaskiya?

Mu fara da nisa. Daga Kano zuwa Jidda, idan aka miƙe sak ta sama, kimanin kilomita 3,400 ne. Daga Kano zuwa Legas a mota kuwa kimanin kilomita 1,000 ne. Ke nan tafiyar Jidda ta ninka ta Legas sau uku, har da ɗoriya.

Babban jirgin sama yakan ci kilomita 850 ko kusa da haka a awa ɗaya. Ɗauki fensir ka raba 3,400 da 850. Amsa ita ce 4. Amma jirgi ba ya wannan gudu lokacin tashi da lokacin sauka. Shi ya sa tafiyar takan kai awa huɗu da rabi zuwa biyar.

To, ina awa bakwai ta fito? Daga agogo ne. Ƙasar Saudiyya tana gabas da mu. Rana tana riga fitowa can kafin ta fito nan. Saboda haka agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Idan ƙarfe 12 na rana ta buga a Kano, a Jidda ƙarfe 2 ce.

Ga misali. Jirgi ya tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da ƙarfe 10 na dare. Ya yi awa biyar a sama. Agogon hannunka zai nuna ƙarfe 3 na dare, amma na bangon filin jirgin Jidda zai nuna 5 na asuba. Wanda ya dubi na bango shi ne zai ce ya yi awa bakwai. A dawowa sai lissafin ya juya. Ka tashi Jidda ƙarfe 12 na rana, ka sauka Kano ƙarfe 3 na yamma, alhali awa biyar ɗin nan ka yi.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da zarar ka sauka, ka tura agogonka gaba da awa biyu. In ba haka ba, za ka makara sallah, ko motar ayarinku ta tafi ta bar ka. Haka ma idan a Madina aka sauke ku, domin agogon Saudiyya duk ɗaya ne.

Wani lokaci tafiyar takan ƙaru da gaske. Miƙaƙƙiyar hanya ta bi ta sararin samaniyar Chadi da Sudan, sannan ta haye Bahar Maliya. A shekarar 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararinta. Dole jiragen alhazai suka riƙa zagaye, lokaci ya ƙaru, kuɗin mai ma ya ƙaru.

Ta Chadi da Sudan ɗin nan kakanninmu suka bi a ƙafa da kan jakuna da raƙuma. Sukan tsaya su yi noma ko ƙodago don neman guzuri, su ci gaba. Wasu sai bayan shekaru suke dawowa. Wasu kuwa can suka zauna, jikokinsu suna Sudan har yau.